Garejin Haladu da Darbejiyar Makaho

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da motocin garin ba su da yawa, kowace aka gani an san mai ita. Sunansa Haladu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Direba ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake zirga-zirgar kasuwannin ƙauye da ita: ya kai gishiri da kananzir da sabulu, ya komo da hatsi da awaki da masu awakin. Da ita yake ciyar da matarsa Gaje da 'ya'yansu. Ku riƙe wannan, jama'a, don labarin duka a kansa ya tsaya. Wannan bawan Allah ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da wani ɗan'uwa mai hali. Motar nan ce kaɗai.

Motar kuwa ta ga duniya. Da asuba ba ta tashi sai ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta kama. Da yake ba shi da kuɗin makanike, da hannunsa ya koyi kwance ta da ɗaure ta. Babu notin da bai taɓa kwancewa ba a jikinta.

Wata shekara da kasuwa ta ɗan yi kyau, ya gina mata gareji a jikin gidansa. Bango ɗaya garejin ya haɗa da ɗakin da yara suke kwana. Harsashin bai yi zurfi ba, don abin da ke hannunsa bai kai ba. Aka tona kaɗan, aka jera bulo, aka zuba daɓen siminti. Kullum ya dawo daga ƙauye da jar ƙasa da kashin awaki a bayan motar, sai ya shigar da ita, ya jawo ruwa a rijiyar ƙofar gida ya wanke ta tas a nan cikin garejin. Ruwan ya gangara gindin bango ya nutse. Haka kullum, shekara da shekaru.

Maƙwabcinsa na jikin garejin wani tsoho ne makaho, ana ce da shi Baba Sallau. Ba da makanta aka haife shi ba; ciwon ido ne ya same shi bayan ya manyanta. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana aure can wani gari mai nisa. Bai taɓa bara ba. Igiya yake tufkawa da rama yana sayarwa. A ƙofar gidansa akwai wata babbar darbejiya, shi ya dasa ta tun yana gani. Ɗakinsa ɗan ƙarami ne mai rufin kwano, da rana ba ya zaunuwa, saboda haka darbejiyar nan ita ce zaurensa, ita ce shagonsa. Ita ce ma agogonsa: in ya ji rana ta taɓa masa yatsun ƙafa, ya san azahar ta kusa, sai ya jawo butarsa. Ya ɗaura wata igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa jikin itacen, ita yake bi ya fito, ita yake bi ya koma, ba ya neman ɗan jagora. Da magariba Gaje takan aika masa da tuwo, kamar yadda maƙwabta suke yi.

To, ku saurara. Wata rana Haladu ya ga tsaga a daɓen garejin, siririya kamar zare. Ya kwaɓa siminti ya toshe. Ta sake buɗewa. Ya sake toshewa. Ana nan sai tsakiyar daɓen ya taso kamar tozon sa, ƙofa ta daina rufuwa sai an ɗaga ta da kafaɗa. Bai damu sosai ba, sai ranar da Gaje ta kira shi ɗakin yara ta nuna masa bango. Tsagar ta haura tun daga ƙasa har kusa da rufi, ana hango motar ta cikinta. Bazara ce, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Gaje ta naɗe tabarmin yara ta kai su ɗakinta.

Haladu ya kira wani magini, Ɗan'azumi, mutum mai barkwanci amma ba ya ha'inci a aiki. Ɗan'azumi ya ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar diga, ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya fasa kusurwa ɗaya ya tona. Bai yi nisa ba sai ga saiwa, kaurinta ya kai cinyar mutum, ta ratsa ƙarƙashin harsashin ta ɗaga shi.

"Ga baƙuwarka nan," in ji Ɗan'azumi. "Ta daɗe a gidan, ko sallama ba ta yi ba."

Ya ɗaga kai ya dubi darbejiyar Baba Sallau, sannan ya tambayi Haladu ko yana zuba ruwa a wurin. Haladu ya ce a nan yake wanke mota. Ɗan'azumi ya ce to shi ke nan, itace ruwa yake nema, wanda yake ba shi kullum kuwa wurinsa zai zo.

Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a sare darbejiyar, a zuba wa kututturen baƙin mai a ƙone shi don kada ya sake toho. Shi kuma ya ɗinke bango, ya yi wa daɓen faci. Kuɗin wannan bai fi abin da mota za ta kawo a 'yan kasuwanni ba. Ta biyu, in ana son itacen ya rayu: a fasa daɓen gaba ɗaya a kwashe, a tokare rufi, a sauke bangon da ya tsage, a datse saiwoyin da suka shigo ta wannan gefen kaɗai, a haƙa sabon harsashi har ƙirjin mutum, a zuba kankare da rodi yadda saiwa ba za ta sake samun hanya ba, sannan a sake daɓe. Ya ce abin da mutane suke mantawa, a irin wannan aiki sau biyu ake biya: a biya masu rusawa, a biya masu ginawa. Ga siminti, ga rodi, ga tsakuwa, ga masu jakunan yashi, ga leburori da abincinsu.

Haladu ya ce, "Ta biyun nawa za ta ci?"

Ɗan'azumi ya juya ya daki bayan motar da tafin hannu. "Abin da wannan za ta yi a kasuwa. In dillali ya ji tausayinka."

Da Haladu ya kai wa Gaje labari, ta ce ita ba ta ga abin shawara a nan ba. Itace itace ne, yara kuwa mutane ne, damina kuma ba za ta jira kowa ba. Haladu ya ce gaskiyarta. Kuma gaskiyarta ce, jama'a. Kada wani ya fita daga nan ya ce matar ce muguwar labarin. Uwa ce ta ga bango zai faɗo wa 'ya'yanta.

Don kada abin ya zama rigimar maƙwabta, Haladu ya je wurin mai unguwa. Mai unguwa ya zo da kansa, ya leƙa ramin, ya ga bango. Sannan suka tsugunna gaban Baba Sallau a gindin itacen, mai unguwa ya fara bayani yana ta kewaye-kewaye. Tsohon bai bari ya gama ba.

"A sare," ya ce. "Ban dasa ta don ta rusa wa yara ɗaki ba."

Hannunsa bai daina tufka ba. Can ya ƙara da cewa abu ɗaya yake roƙo, a bar masa kututturen ya riƙa zama a kai. Mai unguwa ya ce wannan mai sauƙi ne. Haladu ya san kututturen ma ƙone shi za a yi, amma bakinsa ya kasa faɗa.

Ku lura da inda wannan bawan Allah yake tsaye yanzu. Mai unguwa ya ba shi gaskiya. Mai itacen ya yarda da bakinsa, gaban shaida. Matarsa tana jira, magini yana jira, hadari yana haɗuwa. Da ya sare itacen nan, babu mutum ɗaya a garin da zai ce ya yi zalunci, ni ma ba zan ce ba. Ba jarrabawar halal da haram ba ce wannan. Ta fi ta wuya, don in ka kasa cinta babu wanda zai sani.

Ranar da aka sa, mai saran itace ya iso da sassafe, ya zauna yana wasa gatarinsa a dutse. Haladu ya fito ya tarar Baba Sallau ya riga kowa. Ya kwance igiyar nan da yake bi daga jikin itacen, ya naɗe ta. Ya kwashe ramarsa da butarsa da 'yar tabarmarsa, ya koma jikin bangon gidansa inda akwai 'yar siririyar inuwa, ya ci gaba da tufka. Har yana tsokanar mai gatari, yana ce masa ya duba inda zai kayar da ita, kada ta faɗo wa mai ita, don shi ba zai ga tahowarta ba.

Mai gatari ya ce sai ya fara sauke rassa, a samo masa tsani. Aka aika neman tsani, aka daɗe. Haladu yana tsaye a ƙofar gareji. Hantsi ya ɗaga, inuwar bangon ta fara janyewa. Ya ga tsohon ya ja tabarmarsa ya matsa. Rana ta sake cim masa, ya sake matsawa, har bayansa ya manne da bango. Daga nan sai ya miƙa hannu yana lalube a ƙasa, dama da hagu, yana neman inda take da sanyi. Babu. Ya janye hannun, ya ɗauki wani tsumma ya ɗora a kansa, ya ci gaba da tufka. Bai kira kowa ba. Bai san ana kallonsa ba. Ga darbejiyar nan kusa da shi, inuwarta a shimfiɗe, amma ya riga ya bayar da ita, ba zai koma ba.

Haladu ya dubi itacen, ya dubi garejin. Itacen ya riga garejin zuwa wurin. Harsashin da bai yi zurfi ba, shi ya gina shi. Ruwan da ya jawo saiwar, shi ya zuba da hannunsa. Amma wanda zai biya shi ne tsohon nan mai tsumma a ka, kuma zai yi ta biya kullum rana ta fito har ya mutu.

Tsani ya iso. Haladu ya ba mai gatari ladan wuninsa, ya ce ya tafi.

"Ban sari komai ba," in ji mutumin.

"Ai ka zo. Allah ya yi albarka."

Sannan ya ɗauki igiyar tsohon ya mayar jikin itacen ya ɗaure, ya ce, "Baba, koma wurinka. Magini ya ce akwai wata hanyar." Bai yi ƙarya ba, akwai ta. Kuɗinta ne bai faɗa ba.

Ya shiga gida ya tarar da Gaje tana tankaɗe. Ya gaya mata zai sayar da motar a yi aiki na biyun. Ta ajiye rariya.

"Malam, ka sayar da mota ka gina wa mota ɗaki?"

"Bangon yara zan gina."

"Da me za mu ci?"

"Ban sani ba tukuna."

Ta jira ko zai ƙara wani abu, wata aya ko wani alkawari. Bai ƙara ba, don ba shi da shi. Ya dai gaya mata abin da ya gani, tsohon da hannunsa a ƙasa yana neman sanyi. Gaje ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Daga baya ta ce, ba tare da ta dube shi ba, in dai ya ƙudura, to a fara gobe, kuma a haƙa da zurfi, don ba su da wata motar da za a sayar karo na biyu. Ba ta ce ya yi daidai ba, a ranar ko bayanta. Amma da magariba tuwon Baba Sallau ya fita kamar kullum, kuma ko a watannin da tukunya ta ragu, kwanonsa bai taɓa fashi ba.

Haladu ya tuƙa motar zuwa wani gari ya sayar a can, don kada a yi cinikin a kunnen tsohon. Dillali bai ji tausayinsa ba. Ya dawo a bayan motar wani, a tsakanin buhuna, yadda ya sha ɗauko mutane.

Aka fara aiki. Guduma ta sauka a kan daɓen, aka kwashe ɓaraguzai a amalanke, jakuna suka yi ta sauke yashi. Da aka haƙa sai aka tarar ƙasar gindin bangon ta yi laushi saboda ruwan shekaru, dole aka ƙara zurfi, aka ƙara siminti, aikin ya wuce abin da Ɗan'azumi ya ƙiyasta. Haladu ya tuɓe riga ya shiga layin leburori yana ɗaukar kankare a ka, don a rage ladan mutum ɗaya. Saiwoyin aka datse su da zarto daidai iyaka, yana tsaye a kai kada a wuce. Itacen ya zubar da ganye kaɗan a gefe ɗaya, ya tsaya.

Gari kuwa ya samu abin hira. Direbobin tasha suka sa masa suna Mai Gareji. In ya wuce a ƙasa sai wani ya ce, "Mai Gareji, a ina ka ajiye ta yau?" Wani ya ce ya riƙa kwantar da takalmansa a ciki kada wurin ya yi kewa. Wani dattijo kuma ya kira shi gefe ya ce masa mai iyali ba ya wasa da abincin 'ya'yansa. Wannan ta fi ta direbobin zama masa a rai, don shi ma yana tunaninta.

Aka gama, aka zuba sabon daɓe. Ɗan'azumi ya ce a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har ya kama, in ba haka ba zai tsattsage. Wata safiya Haladu yana jan ruwa a rijiya sai Baba Sallau ya kira shi daga gindin itacen.

"Haladu, na kwana biyu ban ji tarin tsohuwar nan ba."

"Tana wani gari, Baba."

"Gyara aka kai ta?"

Haladu ya ci gaba da jan gugansa.

"Ido na rasa, ba kunne ba," in ji tsohon. Ya ce ya ji guduma, ya ji jakuna, ya ji ana sauke rodi. Shi ma ya taɓa gini lokacin da yake gani, ya san abin da irin wannan yake ci, ya san kuma abin da direban a-kori-kura yake samu. "Wa ya sa ka? Na ce a sare. Gaban mai unguwa na faɗa."

"Ka faɗa, Baba."

"To ka ɗora mini kayan da ba ni da wuyan ɗauka. Da me zan saka maka? Da igiya?"

Ku saurara da kyau ga amsar da ya ba shi. Bai ce don Allah na yi ba, ko da yake don Allah ya yi. Bai ce na tausaya maka ba, don ya san wannan zai fi rana ƙuna ga mutumin da bai taɓa bara ba. Ya tsugunna ya ce, "Baba, itacenka yana wurinsa na zo na yi gini. Ni na riƙa zuba masa ruwa yana biyowa. Ɓarnata na gyara. Babu abin da na ɗora maka."

Tsohon ya miƙa hannu ya ce a ba shi igiyar gugan. Ya shafa ta daga farko har ƙarshe, ya ce ta zaizaye, wane macuci ne ya sayar masa da wannan? Haladu ya ce ai shi Baban ne, bara waccan. Tsohon ya yi 'yar dariya, ya goge fuska da hannun riga, ya laluba cikin kayansa ya zaro sabuwa ya ɗaura wa gugan. Ya ce daga yau ban ruwan daɓen nan aikinsa ne. Haladu ya jawo ya ajiye kawai, ya tafi neman abinci.

Haladu bai ce haba Baba, zauna ka huta ba. Ya bar shi. Safe da yamma tsohon yakan tsugunna a garejin yana shafa daɓen da tafin hannu, inda ya ji ya bushe ya yayyafa, har simintin ya kama.

Damina ta sauka. Ruwan farko ya zo da iska, ya kwashe rufin wasu gidaje a unguwar. Sabon bangon ko gezau. Da safe Gaje ta shiga ta shafa shi, ta ji a bushe, ta ce alhamdu lillahi, ta mayar da tabarmin yara.

Amma watannin nan sun yi wuya, ba zan ɓoye muku ba. Haladu ya koma lodi a tasha, yana ɗora buhuna a motocin masu kiransa Mai Gareji. Gaje ta fara ɗanwake tana sayarwa a cikin gida. Akwai ranakun da sau ɗaya aka ɗora tukunya.

Wata rana bayan an ɗauke ruwa, motar wani baƙon direba ta lalace a hanyar unguwar. Aka tura ta inuwar darbejiya, don nan kaɗai ce inuwa. Direban ya sa jak zai ɗaga ta, jak ya nutse a laka. Ya sa dutse, dutsen ya nutse. Baba Sallau yana jin yadda yake ta tsaki, ya ce masa ga daɓe nan a bayansa babu komai a kai, ya yi sallama da mai gidan. Aka tura motar cikin garejin. Haladu ya leƙa ƙarƙashinta don ya taimaka kawai, ya ga ciwon da tsohuwar motarsa ta sha yi ne. Ya ɗauko kayan aikinsa, waɗanda bai haɗa wa dillali ba. Kafin la'asar mota ta tashi. Direban, da ya wuni a inuwa yana hira da tsohon, da zai tafi ya sayi igiyar ɗaure kaya.

Ya faɗa wa wani, wani ya faɗa wa wani: akwai wuri mai daɓen da jak ba ya nutsewa, da inuwar da mai mota zai zauna ya jira. Kafin kaka direbobin tasha da kansu suka fara kawo nasu. Sunan Mai Gareji ya bi shi, sai dai an daina dariya in an faɗa. Kowace mota kuma tana bukatar igiya. Tsohon yakan saurari injin da aka tayar ya ce, "Wannan ba ta kai tsohuwarmu tari ba."

Kada ku ɗauka ya yi arziki. Bai yi ba. Bai sake mallakar mota ba har ya bar duniya, kuma in a-kori-kura ta wuce da kaya zuwa ƙauye yakan bi ta da kallo. Abinci dai ya samu, yara suka girma a ɗakin da bai faɗo musu ba. Ruwa kuwa bai sake barinsa ya kwanta gindin bango ba. Yakan ɗauka a bokiti ya kai gindin darbejiyar ya zuba, ya ce gara ya kai mata da ta zo nema.

Baba Sallau ya yi shekaru bayan haka a inuwarsa. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ta bakinsa ya fita, don Haladu bai taɓa ba da shi ba. Da tsohon ya rasu, a ƙarƙashin darbejiyar aka yi masa salla, sahu ya cika inuwar har ya fita rana. In an ce wa Haladu ya yi ƙoƙari, sai ya ce shi ne da godiya, da Allah ya sa tsani ya yi jinkiri ranar nan. Da an kawo shi da wuri, da an sare kafin ya ga abin da ya gani.

To jama'a, kada wani ya ce darasin shi ne ka ba da mota a ba ka sana'a. Ba kowane alheri ake biya a nan duniya ba. Da motar baƙon nan ba ta lalace a unguwar ba, da Haladu ya mutu yana lodi a tasha, abin da ya yi daidai ne, ladansa kuma yana wurin Wanda ba ya mantuwa. Darasin shi ne, samun gaskiya ba shi ne ƙarshen magana ba. Za a iya ba ka gaskiya gaban mai unguwa, gaban alƙali, wanda abin zai shafa ma ya ce ya yarda, don ba shi da ƙarfin ƙi, ko don ya fi ka kunya. Bayan duk wannan akwai sauran tambaya, kuma kai kaɗai za ka yi wa kanka ita: in na karɓi haƙƙina cikakke, a kan wa zai sauka?

Yau muna gini fiye da mutanen da. Wani a cikinmu ya ɗaga daɓen ƙofar gidansa, ruwan sama ya koma ɗakin maƙwabci, ya ce ai a filina na yi. Wani ya kori mai 'yar tireda daga jikin bangonsa don mota ta samu wurin juyawa. Kuna da gaskiyarku, na yarda. Ban ce kowa ya sayar da motarsa ba. Yawancinku abin da za a nema a wurinku bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Na ce dai kafin ka kira mai gatari, tambayi kanka wa ya zuba ruwan. Sannan ka fita ka tsaya a ƙofar gidanka har hantsi ya ɗaga, ka ga wanda rana za ta doka. In kuma Allah ya ba ka ikon yin alheri, yi shi yadda wanda ka yi wa zai iya ɗaga kai gobe ya tsokane ka. In ya miƙo igiya, karɓa.

Allah ya jinkirta mana tsani ranar da muke gaggawa, ya nuna mana abin da ya kamata mu gani tun gatari bai sauka ba. Ya jiƙan Haladu da Baba Sallau, da Gaje wadda kwanonta bai yi fashi ba. Ku tashi, lokacin salla ya yi.